Gidan Fairbanks na Dedham: yadda gidan katako ya doshi shekara 400 a tsaye

A garin Dedham da ke jihar Massachusetts ta Amurka, kimanin kilomita 16 kudu maso yamma da birnin Boston, akwai wani gidan katako da gadon rufinsa ya lotsa, bangonsa ya yi duhu, rufinsa na baya kuma ya gangaro har ya kusa taɓa ƙasa. Ana kiransa Gidan Fairbanks. Tsakanin 1637 da 1641 aka sare itatuwan da aka kafa shi da su, kuma cikin gidajen katako na nahiyar Amurka ta Arewa da binciken kimiyya ya tabbatar da shekarunsu, babu wanda ya girme shi. Iyali ɗaya ne suka zauna a ciki, na gaba ya bar wa na baya, har hawa takwas, zuwa 1904.

Katako kuwa maƙiyansa da yawa: wuta, ruwa, ƙwarin da ke huda itace, sannan uwa-uba ɗan Adam da son sabon abu. Cikin gidajen da Turawan Ingila suka kafa a wannan yanki a shekarunsu na farko, 'yan kaɗan ne suka kai labari, waɗanda suka kai ɗin ma galibi an sake musu kama har mai ginin ba zai gane su ba. To me ya raba wannan da sauran? Wani ɓangare na amsar yana cikin aikin kafinta. Babban ɓangaren kuwa yana cikin abin da ya sami iyalin, kuma ba labari ne mai daɗi ba.

Mai gidan da ƙasar da ya samu

Jonathan Fairbanks mutumin Sowerby ne, kusa da Halifax a yankin Yorkshire na Ingila, ƙasar tumaki da saƙar ulu. Ya haye teku da matarsa Grace da 'ya'yansu a shekarun 1630, lokacin da mutane kimanin 20,000 suka bar Ingila zuwa wannan gaɓa cikin shekara goma, akasarinsu saboda saɓanin addini da cocin gwamnati a zamanin Sarki Charles na Ɗaya. A 1636 aka kafa Dedham a bakin kogin Charles. Mutanen garin ba sa karɓar kowa sai sun tantance shi, sai kuma ya sa hannu a yarjejeniyar zaman tare. An karɓi Jonathan a 1637, aka yanka masa eka 12, rabon da ake ba mai iyali.

Ƙasar da ake yankawa haka tana da masu ita. Ta al'ummar Massachusett ce, waɗanda annobar da ta biyo jiragen Turawa tsakanin 1616 da 1619 ta kusa ƙarar da su, agana kuma ta sake faɗa musu a 1633. Baƙin sun tarar da gonaki da dazuzzukan da mutanensu suka mutu suka bari. Duk mai yabon ƙarkon wannan gida ya kamata ya riƙe wannan a ransa. Rikicin ƙasar bai bar iyalin ba ma: ɗan Jonathan mai suna Jonas ya mutu a 1676 a harin da aka kai garin Lancaster, cikin yaƙin da ya ɓarke tsakanin baƙi da 'yan ƙasa.

Sana'ar Jonathan sassaƙa ce, yana ƙera keken kaɗin zare, abin da ya yi kasuwa bayan 1640 da jiragen Ingila suka ragu, mutane suka koma saƙa wa kansu tufafi. Mutum ne mai ra'ayin kansa: sai 1646 ya shiga cocin garin, bayan ya daɗe yana ja da baya kan sharaɗin bayyana imani a bainar jama'a. Ya rasu a 1668, ya bar gidan ga babban ɗansa John.

Yadda aka haɗa shi

Gidan farko ƙarami ne. Ɗaki biyu a ƙasa, biyu a bene, da ɗan sarari a ƙarƙashin rufi. A tsakiya akwai ƙaton bututun hayaƙi na bulo, ɗakunan sun kewaye shi. In ka shigo ta ƙofar gaba, ɗan lungu za ka tarar, jikin bututun na fuskantarka. Gefe ɗaya ɗakin zama ne, nan ake girki, nan ake ci, nan ake aiki. Ɗaya gefen ɗakin maigida ne, inda gadon kirki da kayan daraja suke. Fuskar gidan na kallon kudu don ta sha ranar hunturu, bayansa kuma ya juya wa iskar arewa.

Sanya murhu a tsakiya dabara ce ta ƙasar sanyi. Bulo in ya ɗau zafi yakan riƙe shi har cikin dare, ya rarraba wa ɗakin hagu da na dama da na sama, maimakon rabin zafin ya tafi waje kamar yadda yake faruwa in bututun na jikin bangon ƙarshe. Kuma bulo ya fi aminci. Tun 1631 hukumomin yankin suka fara hana bututun hayaƙi na itace da rufin ciyawa saboda gobara.

Ƙashin gidan na itacen oak ne, wata bishiya mai taurin katako, kuma a nan gwanintar take. Da gatari ake fara daidaita gungume ya zama mai kusurwa huɗu, a bi shi da gizago. A shimfiɗa dogayen katakai a kan duwatsu su zama gindin bango, a kafa ginshiƙai a kusurwoyi da gefen bututu, a ɗaure su da wasu katakan a kwance a daidai bene da kuma a saman bango inda rufi zai zauna. Ta tsakiyar kowane ɗaki wani jibgegen katako ya ratsa, shi ke ɗauke da ƙananan da daɓen bene ke kwance a kansu. Ba a ɓoye shi ba. Yana nan a saman kai, an ɗan goge masa kusurwoyi don ado.

Duk wannan ba ƙusar ƙarfe ke riƙe da shi ba. Kafinta yakan fafe rami a jikin wannan katako, ya sassaƙe bakin wancan ya zama harshe, a zura harshen a ramin, a huda su tare, a buga turken itace ya ratsa. Akwai wata ƙaramar dabara da kafintocin zamanin suka saba da ita: hudar da ke jikin harshen akan ɗan goce ta daga hudar ramin, don in turken ya shiga ya jawo katakan biyu su manne. A ƙasa ake yin duk yankan, a gwada, a sa wa kowace mahaɗa alama, sannan a kira gayya a ɗaga bangon da igiya da ƙarfin ƙirji.

Ɗanye ake aikin itacen. Oak in ya bushe yakan taurare har ya gagari kayan aikin hannu, don haka ana sarewa ana sassaƙawa. Yana bushewa ne bayan gida ya riga ya tsaya, yana ɗan tsagewa, yana murɗewa, yana matse turakun. Irin wannan haɗi yana iya motsi ba tare da ya karye ba. Ƙasa ta daskare ta kumbura, ta narke ta sauka, iska ta tura, dusar ƙanƙara ta danne rufi, gidan ya ɗan sunkuya ya ci gaba da tsayuwa. Lotsawar da ake gani a rufinsa yau tarihin wannan motsi ne na ƙarni huɗu.

Tsakanin ginshiƙai an kafa sanduna an yaɓe su da laka, kamar dangar kara da aka shafe da taɓo. Haka ake yi a Ingila, kuma a can sau da yawa akan bar yaɓen a fili. A nan yanayin bai yarda ba, domin ruwan sama mai iska da tsananin sanyi kan farfasa laka cikin ɗan lokaci. Sai aka lulluɓe bangon daga waje da siraran falankai na oak da na al'ul, na sama ya hau kan na ƙasa don ruwa ya zame. A nan ne aka yi amfani da ƙusoshi, waɗanda maƙeri ke bugawa ɗaya-ɗaya. Albarkacin wannan lulluɓi, har yau akwai yaɓen asali a cikin bangon gidan. Tagogin kuma ƙanana ne, gutsattsarin gilashi da aka haɗa da darma, tunda gilashi daga Ingila yake zuwa kuma da tsada.

Wani abu da masana suka lura da shi: maigidan ɗan Yorkshire ne, amma salon haɗin katakan na gabashin Ingila ne, yankin East Anglia, inda da yawa daga mazauna wannan gaɓa suka fito. Sunan garin ma daga Dedham ta yankin Essex a gabashin Ingila aka aro shi. Ke nan Jonathan, duk da cewa itace sana'arsa ce, ƙwararren kafinta ya ɗauka, kafintan kuma ya yi aikin yadda ya koya a garinsu. Abbott Lowell Cummings, masanin da ya fi kowa bin diddigin gidajen katako na farko a Massachusetts, ya ɗauki wannan gida a matsayin wanda ya fi duk takwarorinsa na tsakiyar ƙarni na 17 zama yadda aka bar shi.

Abin da itacen ya faɗa game da shekarunsa

An daɗe ana cewa 1636 aka gina gidan, shekarar da aka kafa garin. Magana ce ta gado, kuma irinta na da yawa a wannan yanki, kowane gari da gidan da yake iƙirarin ya fi tsufa. A farkon shekarun 2000 aka kawo masu binciken zoben itace daga Oxford ta Ingila suka gwada.

Hanyar mai sauƙin fahimta ce. A ƙasar da ke da rani da hunturu bayyanannu, bishiya kan ƙara zobe ɗaya kowace shekara. Shekarar albarka zoben ya yi faɗi, shekarar fari ko matsanancin sanyi ya tsuke. Duk bishiyoyin oak na yanki ɗaya suna ɗauke da jerin faɗi da tsukewa iri ɗaya. Masu bincike sun riga sun haɗa dogon jeri mai shekaru sanannu, don haka in suka zaro siririn tsinke daga jikin katako, sai su nemi inda jerinsa ya dace. In katakon na da gefen da ɓawo ya zauna a kai, zoben ƙarshe shi ne shekarar da aka sare bishiyar. Tunda kuma ɗanye ake aiki da itacen, shekarar sara da shekarar gini ba sa nisa da juna.

Sakamakon ya nuna wani itace na 1637, wasu na kusan 1641. Gidan ya rasa shekarar da ake alfahari da ita, ya samu hujjar da sauran masu iƙirari ba su da ita. A ganina ya ci riba. Tazarar shekarun nan kuma ta dace da hankali: mutumin da aka ba fili a 1637, da iyali a wuyansa da daji a gabansa, ba a wata ɗaya zai tara katako da bulo da kuɗin kafinta ba.

Gidan ya ci gaba da girma da iyalin. An jingina masa ɗaki a baya, wanda rufinsa ke gangarowa ƙasa. Daga baya aka ƙara sashe a gabas da wani a yamma masu rufi mai karya biyu, aka faɗaɗa ɗakin maigida. Sashen gabas ma daga wasu tsofaffin gine-gine aka kwaso shi aka haɗa. Abin lura shi ne duk ƙarin a gefe aka yi shi. Ba a rushe tsakiyar ba, an dai kewaye ta, kuma bangon da ya koma ciki ya huta da ruwa da rana. A cikin gidan an samu tsofaffin takalma da aka ɓoye da wasu alamomi da aka zana a kusa da murhu, al'adar da mutanen Ingila ke yi don tsari daga mayu da gobara.

Shekarar 1801

Zuwa ƙarshen ƙarni na 18 iyalin na da rufin asiri, ƙare-ƙaren da suka yi wa gidan ma shaida ne. Da abin ya ci gaba haka, da wuya tsohon sashen ya tsira. Ga misali a garin Salem na wannan jiha: gidan da attajiri John Turner ya gina a 1668, magadansa da waɗanda suka saya daga baya sun yi ta cire masa sassan rufi don ya dace da yayin zamaninsu, har sai da aka sake ƙirƙiro su tsakanin 1908 da 1910. Gidan Paul Revere, ɗaya daga cikin jaruman neman 'yancin Amurka, a Boston, na wajen 1680, an ɗora masa hawa na uku, aka sauke shi a gyaran 1907 zuwa 1908, kuma yawancin abin da baƙo ke gani daga waje aikin wancan gyara ne. Masu hali ne suka canza su, masu hali kuma suka mayar da su yadda suke zaton suna da.

A Dedham wani abu dabam ya faru. A watan Mayu na 1801, wata budurwa 'yar shekara 18 mai suna Elizabeth Fales ta mutu da raunukan wuƙa a wani fili kusa da gidansu. Saurayinta Jason Fairbanks, ɗan gidan da muke magana a kai, shi ya zo da labarin, shi ma jina-jina. Ya ce ita ta kashe kanta da wuƙarsa don an hana su aure, shi kuma ya yi yunƙurin bin ta. Masu gabatar da ƙara suka ce irin raunukan da ke jikinta ba mai yi wa kansa su. Iyalin Fairbanks suka ɗauki manyan lauyoyi, ciki har da Harrison Gray Otis, suka kafa hujja da cewa hannun daman Jason a sandare yake kuma ba shi da lafiya. Kotu ta same shi da laifi a watan Agusta. Aka taimaka masa ya tsere daga kurkuku, aka kamo shi a kan hanyar Kanada, aka rataye shi a Dedham ranar 10 ga Satumba, 1801, a gaban dubban mutane.

Yayansa Ebenezer bai yarda ƙanensa ya aikata ba. Ya zuba dukiya a shari'ar, ya kuma buga ɗan littafin wanke shi. Iyalin ba su sake miƙewa ba. Tun daga nan babu wani babban gini da aka ƙara, in ban da makewayi a bayan sashen yamma.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai game da gidan. Masu ziyara na sha'awar cewa ba a taɓa shi ba, amma rashin taɓawar ya samo asali ne daga ran yarinya da aka kashe, da saurayin da aka rataye, da iyalin da suka talauce da kunya a kansu. Ba daidai ba ne a ba da labarin katakan a tsallake sunan Elizabeth Fales.

Matan da suka riƙe shi

A 1843 gidan ya koma hannun 'ya'yan Ebenezer mata uku, Prudence, Sarah da Nancy, waɗanda ba su yi aure ba. Suka zauna a ciki har ƙarshen rayuwarsu, ta ƙarshe ta rasu a 1879, ta bar wa 'yar ɗan'uwansu Rebecca. A waɗannan shekaru ne gidajen Amurka suka sauya ciki da waje, aka shigo da famfo, da hasken gas, daga baya lantarki da na'urar ɗumama ɗaki. Ko ɗaya bai shiga wannan gida ba, kuma har yau bai shiga ba. Ga katako wannan alheri ne. Babu bututun ruwa da zai yoyo a cikin bango, babu waya da za ta tada gobara, babu busasshen zafi da zai tsattsage tsohon itace. Ga tsofaffin matan da ke ɗibar ruwa da hura wuta a hunturun Massachusetts kuwa, wahala ce zalla.

Rebecca ta kasa riƙe shi. A 1895 ta sayar wa wani dillalin filaye, ta ci gaba da zama a ciki. A 1897 maganar rushewa ta taso, sai wasu mata biyu na iyalin Codman na Boston, uwa da 'yarta Martha, suka saye shi don kada a rushe, suka kuma bar Rebecca a ɗakinta. A daidai lokacin zuri'ar Jonathan da suka warwatsu a faɗin Amurka suka fara taron zumunci, suka kafa ƙungiya mai suna Fairbanks Family in America. Ƙungiyar ta karɓi gidan a 1904, Rebecca ta fita, aka mayar da shi gidan tarihi.

Zuri'ar ba ƙarama ba ce. Cikinsu akwai Thaddeus Fairbanks na Vermont, wanda ya ƙirƙiro sikelin auna manyan kaya wajen 1830, da Charles W. Fairbanks, mataimakin shugaban Amurka daga 1905 zuwa 1909, wanda aka sa wa birnin Fairbanks na Alaska sunansa. Reshen da ya tafi ya yi arziki, reshen da ya zauna ya tsare gidan da talaucinsa, a ƙarshe kuma suka haɗu a kansa. Wata sa'ar kuma ita ce sababbin masu gidan ba su yi masa irin gyaran da aka yi wa na Salem da na Boston a wannan zamani ba, inda mai zane ke cire abin da bai yi masa ba ya sa abin da yake ganin ya dace. An bar sassan ƙarni na 18 tare da na 17, kowanne a inda yake.

Aikin da ke gaban masu kula da shi

Gwamnatin Amurka ta sa gidan cikin jerin manyan wuraren tarihi na ƙasa a 1960. Wannan matsayi girmamawa ce, bai mayar da gidan mallakar gwamnati ba, bai kuma ɗauke wa ƙungiyar nauyin kula da shi ba. Ana buɗe shi ga baƙi a watannin ɗumi, zuri'ar kuma na ci gaba da taronsu na shekara-shekara a harabarsa.

Matsalar gidan katako daga sama da ƙasa take shigowa. Rufin falanki ba ya wuce 'yan shekaru gommai, dole a sake shi, in kuwa aka yi jinkiri ruwa ya samu hanya zuwa mahaɗa, ruɓa ta fara a inda ido ba ya gani. Katakan gindi da ke kwance a kan duwatsu suna shan danshin ƙasa, itace mai danshi kuma shi ƙwari ke so. Don haka falankan rufi da yawancin fatar waje ba za su taɓa zama na asali ba, kuma babu laifi a wannan, tun farko don a riƙa sake su aka yi su. Abin da ba shi da madadi shi ne ƙashin ciki, da yaɓen laka, da falankan da ƙarin ɗakuna ya rufe.

Akwai jarabar da kowane mai gyara ke fuskanta in ya ga rufi a lotse da daɓe a karkace, wato ya sa jak ya miƙar da su. A irin wannan gida ina ganin kuskure ne babba. Katakon da ya bushe a lanƙwashe tun ƙarnoni da suka wuce ba ya komawa, turakun ne za su karye, lakar ta zube. Abin da ya dace shi ne a tallafe shi a inda ya tsaya, a yanke ruɓaɓɓen wuri kawai a ɗora sabo da irin haɗin da, a rubuta duk abin da aka taɓa don na baya su iya bambance aikin 1641 da na yau. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, kafintocin da suka iya shi ba su da yawa, kuma kuɗin daga gudummawar 'yan ƙungiya da na masu ziyara da tallafin da aka nema aka samu yake fitowa.